Kafin Ka Sayi Fitilar Keke, Matsa Birkinka Ka Ji

Wata Talata ce cikin hunturun bara, saura kwana 12 mu fara jarrabawar zangon farko. Na tashi daga karatun dare wajen tara da rabi, na hau kekena na nufi gida. Hazo ya sauko sosai, irin wanda za ka ga fitilun motoci sun koma kamar aci-balbal. Na wuce gadar sama ta Ƙofar Nassarawa lafiya lau, na shige cikin gari, na karya kwanar lungunmu. An ɗauke wuta, lungun baƙi ƙirin. Hannuna na hagu riƙe da waya ina haska hanya da tocilarta, na dama kaɗai ke kan keke. Ashe wani ɗan garuwa ya jingine kurarsa jikin bango, cike da jarkoki, ya shiga wani gida juye ruwa. Ban gan ta ba sai da ya rage bai fi taku huɗu ba. Na damƙe birki iya ƙarfina, na ji ƙarfe na kuka a jikin ƙarfe, keke kuwa bai fasa tafiya ba. Sai ji na yi na dira a kwata.

Jarka biyu suka fashe, fok ɗin keke ya lanƙwashe, ni kuma na samu targaɗe a wuyan hannun dama. Duk wanda ya taɓa yin awa 3 sunkuye a kan allon zane ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan Mekanikal. Da hannu a naɗe na shiga jarrabawar zane, sakamakon da na samu a kos ɗin kuwa, mu bar shi kawai. Kuɗin jarkokin ma ni na biya, don tsakani da Allah mutumin ba shi da laifi. A gefe ya ajiye kurarsa, inda yake ajiye ta kullum.

Duk kwanakin da na yi ina jinyar hannu, duhu nake zargi. Na ƙudura cewa da na warke zan je Sabon Gari in sayo fitilar da ta fi kowace haske, ko da kuɗin handawut zan taɓa. Da na samu sauƙi na tura keken wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu don ya miƙe mini fok. Tun ina firamare yake nan gindin bishiyarsa. Ya gama aikin, ya sa yatsa biyu ya matsa hannun birki, hannun ya tafi salin-alin har ya taɓa kan keken.

"Injiniya, ina za ka da wannan?"

"Baba, kasuwa zan shiga, fitila zan sayo. Rashinta ne ya kayar da ni."

"To madalla. In fitilar ta nuna maka kura, da me za ka tsaya? Da salati?"

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ma dalilin wannan rubutu. Na san da yawa cikinmu keke muka koma ba don sha'awa ba. Mu da muka shigo makarantar nan bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ba mu taɓa ɗanɗana arahar adaidaita ba a matsayin ɗalibai. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati kafin ranar, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Acaɓa kuwa tun Janairun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja a birnin Kano, sannan a Yulin 2022 aka sa wa 'yan adaidaita dokar daina aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Wanda ke son karatun dare kuma yana kwana a cikin gari, sai keke ko sayyada. Ka duba wajen da muke jingine kekuna a Matan Fada ka ƙirga masu danja a baya. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana matsa birki. Na yi hakan da izinin masu su, abin da na gani ba daɗi.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi muka zo koyo. In kana tafiyar kilomita 20 a awa, wanda ba wani gudu ba ne a keke, kana cin mita 5.6 a kowane sakan. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsu suka matsa birki, sakan 1 ya wuce, in ma hankalinka na kan hanya ke nan. Mita 5.6 sun tafi ba ka rage komai ba. Keke mai lafiyayyen birki gaba da baya, a busasshiyar kwalta, iyakar abin da zai iya shi ne rage gudu da kusan rabin ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, wato wajen mita 4.9 a sakan cikin kowane sakan. Sa wannan a lissafin nan da muka haddace tun ND I, gudu sau gudu a raba da ninki biyu na ragin, za ka samu mita 3 da 'yan kai. Jimla kusan mita 9. In da birkin baya kaɗai ka dogara, kusan rabin wancan ƙarfin yake ba ka, sai 3 ta koma 6, jimla kusan mita 12. Ka ƙara gudu zuwa kilomita 30, kamar yadda muke yi in mun samu gangara: mita 15 da birki biyu, mita 22 da na baya kaɗai. Duk wannan fa da roba mai kyau ne. Ni a daren nan birkin baya kaɗai na matsa, robarsa ta cinye har ƙarfe, tocilar waya kuma ba ta nuna mini baƙin abu sai a taku huɗu. Ko fitilar tirela aka ɗaura mini, da kurar nan zan haɗu, sai dai in gan ta da kyau kafin in doke ta.

Abin da lissafin ke cewa shi ne, nisan da fitilarka ke nuna maka dole ya fi nisan da kake buƙata ka tsaya. Hanya uku gare ka: ka ƙara nisan haske, ka rage nisan tsayawa, ko ka rage gudu. Ta ukun kyauta ce. Ta biyun ita ce mafi araha cikin waɗanda ake saya, don robar birki gaba da baya ba ta kai kuɗin fitilar kirki ɗaya ba, kuma tana yi maka aiki dare da rana.

Akwai wata camfi da ta zauna a kan masu keke a garin nan, wai birkin gaba kayar da mutum yake yi. Har za ka ga an kwance shi gaba ɗaya, an bar hannun yana reto. Gaskiyar magana, in ka ja birki nauyinka da na keke gaba yake komawa, ƙafar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa in ka matse na baya da ƙarfi taya sai ta riƙa jan ƙasa tana sulɓi, ba ta tsayar da kai. Ƙarfin tsayawa yana gaba. Wanda birkin gaba ya wurgar, yawanci fizgarsa ya yi a firgice, hannuwansa a sake. Ka matsa shi a hankali kana ƙarawa, ka ja mazaunanka baya kan sirdi, ka tokare kan keken da hannu biyu. Ka samu fili ranar da ba lakca ka gwada sau goma, hannunka zai koya. Inda za ka yi hattara da shi shi ne kan yashi, cikin taɓo, ko tsakiyar kwana, kuma lungunan cikin gari ba su rabuwa da ɗaya daga ciki. A nan sai ka rage gudu tun kafin ka isa, ka fi ba na baya aiki.

Sannan ka san wane hannu ne na gaba a kekenka. Ba abin dariya ba ne. Kekunan Ingila da Japan birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai a hagu. Kekunan gwanjo daga ko'ina suke zuwa, don haka in ka ari na abokinka, ɗaga ƙafar gaba ka juya ta ka matsa ka gani kafin ka hau.

Yanzu gyaran. Yawancin kekunanmu birkin kebur ne mai matse rim, wato bakin ƙarfen nan da taya ke zaune a kai. Wani yana da hannuwa biyu dogaye a tsaye, shi ake ce wa V, wani kuma kamar awartaki yake, rataye da noti ɗaya a sama. Aikinsu kusan ɗaya ne. Kayan aikin da kake buƙata: sifana mai lamba 10, alanki mai lamba 5, filaya, ƙaramar sukudireba, guntun sanfefa da tsumma.

Fara da duba robar. Sabuwar roba tana da tsaga-tsaga a fuskarta. In tsagar ta shafe, robar ta gama aiki, kar ka jira sai ka ji kukan ƙarfe kamar yadda na yi, don a lokacin rim ɗinka kake ci, kuma rim ya ninka roba tsada nesa ba kusa ba. In da sauran tsaga amma fuskar ta yi santsi tana ƙyalli, zafi da ƙura ne suka gasa ta. Kwance ta ka goga a sanfefa har ƙyallin ya tafi. Ka duba da kyau, za ka ga 'yan tsakuwoyi da ɓurɓushin ƙarfe sun nutse a ciki, ka sa allura ka ciccire su. Su ne ke yin ƙarar nan kamar ana wasa wuƙa. Robar da ta shekara da shekaru kuma, ko ba ta cinye ba, in ka danna farce ka ji ta kamar dutse, ta mutu. Kekunan gwanjo da yawa da irinta suke zuwa.

Sai rim. Wanke shi da ruwan omo, ka ɗauraye, ka goge ya bushe. Babban makashin birki a wajenmu baƙin mai ne. Mutum zai tsiyaya wa sarƙa baƙin mai har yana ɗiga, yana fara tafiya ya fantsama a rim ɗin baya, roba ta sha. Kar ka wanke rim da kananzir, shi ma maiƙo yake bari. Robar da ta sha mai sosai, canja ta kawai. In rim ɗinka na alminiyam ne, ɗora bakin rula a gefensa inda roba ke gugarsa. In ka ga wurin ya yi kwari sosai kamar cokali, bangon ya sirance, wata rana iskar taya za ta iya tsaga shi kana tafe. Wannan ya wuce gyaran gida.

Wajen sa sabuwar roba, kafin ka kwance tsohuwar ɗauki hotonta da waya. Na V yana da wasu 'yan wasa-wasai masu kwari da masu tudu da ke shiga cikin juna, su ke ba robar damar karkata, kuma in ka rikita jerinsu sai ka yini kana fama. Ni sai da na koma wajen Baba da su a leda, ya kalle ni ya ce, "Ɗana, a makarantar taku ba a koya muku kallo kafin kwancewa?" In robar tana da kibiya ko an rubuta hagu da dama, bi abin da aka rubuta. Sa ta, ɗaure notin sama-sama, matsa hannun birki robar ta kwanta a rim, sannan ka daidaita. Fuskarta gaba ɗaya ta zauna a kan rim. Kar ta hau sama ta taɓa taya, don cikin 'yan kwanaki za ta yanke gefen tayar, tayar ta fashe. Kar kuma ta zarto ƙasa. In kana so ka rabu da kukan birki, yanki guntun kwalin ashana ka sa tsakanin rim da ƙarshen robar na baya kafin ka ƙarasa ɗaurewa. Hakan zai sa bakinta na gaba ya riga taɓa rim da ɗan kaɗan, ƙarar sai ta ɗauke.

In ka saki hannu, tazarar roba da rim ta zama kamar milimita 2 kowane gefe, birki kuma ya kama tun hannun bai kai rabin hanya ba. A inda kebur ke fita daga hannun birki akwai wani ɗan noti mai rami da ake murzawa da yatsu. In ka warware shi waje, kebur na ƙara tsauri. Don ƙaramin gyara aka yi shi. In ka ga ya fito da yawa, mayar da shi ciki, ka sassauta notin da ya danne kebur a ƙasa, ka ja kebur ɗin da filaya, ka ɗaure da kyau. Wannan notin shi ne ranka, kar ka yi masa ɗaurin wasa. Bayan ka ɗaure, matse hannun birki da duk ƙarfinka sau biyar. Gara ya zame a soro da ya zame a bakin danjar Gidan Murtala.

Shi kansa kebur ɗin siraran wayoyi ne aka tufka. In ka ga ko ɗaya ta tsinke ta yi tsaye, musamman can cikin hannun birki inda ido ba ya kaiwa, sauran ma suna hanya, canja shi. In hannun birki ya yi tauri ko ba ya komawa da kansa, ƙurar hunturu ce ta cika bututun. Zare kebur ɗin, goge shi, shafa masa ɗan man keken ɗinki, mayar. In gefe ɗaya na birkin V yana gugar rim ɗaya ya yi nisa, duba gindin kowane hannu akwai 'yar ƙaramar kusa. Ɗaure ta gefen da ke gugar da rubu'in juyi, matsa birki, sake duba. In kuma ƙafar ce ke rawa, tana taɓa roba tana saki, tsinkayenta ne ke son a ja. Wannan kam kai wa mai gyara. Na gwada da kaina sau ɗaya, na mayar da ƙafa kamar faifan da aka zauna a kai.

Masu Raleigh, Phoenix ko Hero irin na iyayenmu, naku birkin sanda ne, yana jan roba sama ta kama rim ta ciki. A gaba akwai inda sandar ke shiga cikin 'yar bututu da noti a kai. Sassauta shi, ɗago robobin kusa da rim, ɗaure. Abu ɗaya da ake kuskure: gidan robar gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshasshen ya kasance ta inda juyin ƙafar ke tura robar, in ba haka ba ranar da ka ja birki da gaske robar za ta fice ta bar ka da ƙarfe. Kuma ku sani rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe, birki kusan tafiya hutu yake yi. Cikin ruwan Agusta ka riƙa ɗan matsa shi kana tafe don ya share ruwan, ka ninka tazarar da kake bari. Masu birkin faranti, naku ba ya son ko maiƙon yatsa, in abin da ke kan ƙarfen robar ya kusa milimita 1 ku canja. Masu yanka tsohuwar tayar mota ko silifas su yi robar birki da ita kuwa, na yaba da dabara, amma ba a lungun da yara ke fitowa a guje ba.

To, birki ya kama. Sai fitila, kuma a nan ma na tarar tunanina a juye yake. Fitilar keke aiki biyu take yi, ta nuna maka hanya, ta kuma nuna ka ga wasu. A babban titi, daga gadar Ƙofar Nassarawa ka nufi Titin Zariya ko ka miƙe hanyar Gidan Sarki, hasken shaguna da na motoci ya ishe ka ganin gabanka. Haɗarin yana bayanka, wajen ɗan adaidaitan da fitilar mota mai zuwa ta kashe wa ido, ga hazo, ga ka cikin baƙar riga. Saboda haka in kuɗin fitila ɗaya gare ka, jar danja ta baya za ka saya. Ita ce mafi araha kuma ba ta cin batir, mai ƙananan batura biyu tana yin makonni in tafiyarka gida da makaranta ce. Ɗaura ta a sandar sirdi ko bayan kariya, ta kalli baya sak, ba sama ko ƙasa ba, sannan ka tabbata jaka ko bakin riga bai rufe ta ba. Fari a gaba, ja a baya, haka yarjejeniyar zirga-zirga ta Biyana ta 1968 ta tsara, kuma haka idon kowane direba ya saba karantawa. Ja a gaba yana sa a ɗauka tafiya kake alhali zuwa kake. Masu ja da shuɗi irin na motar 'yan sanda, ku bar wa yara.

Mai ƙyaftawa ko mai tsayawa cak? Ƙasashe ma ba su daidaita ba: Ingila ta halatta mai ƙyaftawa tun 2005, Jamus kuwa ba ta yarda a ɗaura ta a jikin keke ba. Ƙyaftawa na jan ido kuma batir na daɗewa, sai dai direba na shan wahalar gane nisanka. Ni ina sa ta ƙyaftawa da magariba lokacin da gari ke ruɗe, in dare ya yi sosai in bar ta a tsaye.

Kafin fitilar gaba ma akwai abin da ba ya cin batir ko kaɗan. Tef ɗin nan ja da fari mai mayar da haske da ake liƙa wa bayan manyan motoci, masu kayan mota na sayar da shi. Ɗan guntu ya isa ka liƙa a madigadin baya, gefen fok da bayan feda. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Queensland a Ostireliya sun gwada wannan da direbobi a hanya da dare, suka tarar mai keken da ya sa abin mayar da haske a idon sawu da gwiwa ana gane shi daga nesa fiye da wanda ya sa riga mai ƙyalli kaɗai, saboda ido na saurin gane motsin ƙafar mutum. Sun kuma tarar masu keke na ɗaukar ana ganinsu daga nesa fiye da yadda ake ganinsu a zahiri. Wannan na biyun ya taɓa ni, don ni ma haka nake ji: tunda ina ganin mota, ai ita ma tana ganina. Yanzu ina da ɗan maɗauri mai tef da nake ɗaure ƙafar wando da shi, yana hana sarƙa cin wandon kuma.

Fitilar gaba ita ce inda ake wanke mu a kasuwa, kuma da lamba ake yi. Za ka ga kwali an rubuta lumen 10,000, wani ma 50,000. Lumen ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke fitarwa ne. Ƙwan LED na irin waɗannan fitilu yana ba da wajen lumen 100 a kowane wat. Ke nan lumen 10,000 na son wat 100. Batirin da ke cikin yawancinsu shi ne 18650, sunan ma girmansa ne, kauri milimita 18, tsawo 65. Mai kyau mai 2,600mAh a 3.7V yana ɗauke da abin da bai kai wat 10 na awa ɗaya ba. Raba ka gani: minti 6 zai yi ya mutu, in ma bai narkar da fitilar ba. To ka ga ƙarya. Haka batirin da aka rubuta wa 9,900mAh. Na gaske a wannan girman iyakarsa wajen 3,500, nauyinsa kuma wajen giram 45. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu.

Lumen 200 zuwa 300 na gaskiya sun ishi mai tafiyar lungu, kuma batir ɗaya mai kyau zai riƙe su kamar awa 3. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne yadda hasken ke zuba. Ka ce wa mai shago ya kunna, ka haska bango ko ƙasa. In ɗigo ne ƙarami mai kashe ido, kewayensa duhu, na farauta ne, ba zai nuna maka kwalbatin da ke gefenka ba. Nemi mai faɗi. In ka ci sa'a a cikin kayan gwanjo ka ga fitila mai wani layi kamar tafiyar maciji da harafin K da lamba a gilashinta, ta cika ƙa'idar Jamus ce, haskenta a yanke yake ta sama kamar na mota, duk yana zuba a ƙasa. Kar ka bar ta. Sauran abin dubawa: ramin cajinta ya zama irin na wayarka, yana da murfin roba, in an rubuta IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. Girgiza ta a kunne, in hasken na ɗaukewa ko yana sauya kansa, ramin farko a titi zai kashe ta. In batirinta na fita ya fi, don ka san halin wuta a cikin gari, kana iya cajin ɗaya a makaranta ɗaya na aiki. Kar dai ka bar shi a rana cikin zafin Afrilu, kar ka sa shi aljihu ɗaya da makulli, wanda ledarsa ta yage ko ya kumbura kuma ka rabu da shi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, tocilar gida ma na yi. Yanka tsohon tib zobe-zobe, ka ɗaure ta da biyu a gicciye a kan keke, ba ta motsi. Abin da ba na so in ƙara gani shi ne waya a hannu ko tocila a baki. Kowace ka samu, karkata ta ƙasa, tsakiyar hasken ya sauka kamar mita 10 a gabanka, daidai da nisan tsayawar da muka lissafa. In ka miƙe ta sama ka kashe wa mai tahowa ido, kuma shi ne zai hau ka. Cikin hazo ma hasken da ke sama ƙura kawai yake haskawa ya dawo maka.

Ban manta da dinamo ba, wannan 'yar kwalbar da ke jingina da taya tana kuka, wadda za ka ga an rubuta 6V 3W a jikinta. Ba ruwanta da caji, shi ne babban amfaninta a wajenmu. Aibinta tana sulɓi in taya ta jiƙe, tana ɗan ƙara nauyin feda, kuma kana tsayawa take mutuwa, a daidai mahadar da ka fi son a gan ka. In tana jikin kekenka kar ka cire, ka haɗa ta da danja mai batir a baya. Wasu kekunan gwanjo kuma dinamonsu a cikin cibiyar ƙafar gaba yake, za ka ga wurin ya yi kauri da 'yar waya ta fito. Wannan ba ya sulɓi, ba ya ƙara, mutane da yawa na yawo da shi ba su san me ke nan ba, an tsinke wayar.

Ni ga yadda na kashe nawa. Ranar da Baba ya yi mini maganar nan ban je Sabon Gari ba, a wajensa na sayi roba huɗu da kebur ɗaya, na zauna a benci ya nuna mini na baya, ni na ɗaura na gaba yana kallo. Sati na gaba na sayi danja da guntun tef. Fitilar gaba sai da wata ya ƙare, kafin nan da tocilar gidanmu da zoben tib nake tafiya, in na zo bakin lungu in sauka in tura. Duka biyun masu cirewa ne, in na jingine keke sai in zare su in jefa a jaka, don fitilar da aka bari a jikin keke ba ta kai la'asar.

Sifana 10 da alanki 5 kullum suna cikin jakata. Ranar Alhamis bayan la'asar ina nan wajen ajiye kekuna kusa da wokshop har zuwa lokacin da za mu kare furojet. Wanda birkinsa ke taɓa kan keke ya zo da robarsa, ya fara duba irin wadda ke jikin nasa kafin ya saya, don ta V ba ta shiga birkin sanda.